Sarƙar tirela da 'yar wayar birki: kar ka bari a yanke ko ɗaya

Tambayar da aka turo ita ce: "Salam. Na sayi ƙaramar tirela ta hannu mai taya huɗu, 'yar Amurka ce, ina so in riƙa janta da Hilux ɗina ina kai taki da tankin ruwa gona. A wuyanta akwai sarƙa biyu, sai wata siririyar waya da ta shiga wani ɗan mitsitsin akwati, kusa da shi kuma akwai ƙaramin batir da ya mutu. Mai walda ya ce in cire wayar da batirin tunda ga sarƙa. Gaskiyarsa ne? Kuma ya ake ɗaura sarƙar daidai?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya alheri. A taƙaice dai kar ka yarda a yanke wayar nan, kar kuma a cire akwatin, batirin kawai zaka canja. Mai waldarka ba da mugun nufi ya faɗa ba, galibinsu basu taɓa buɗe akwatin sunga me ke ciki ba shi yasa suke ɗaukarsa tarkace, amma sarƙa da wayar nan ba aiki ɗaya suke yi ba ko kaɗan. Sarƙa aikinta in bakin tirela ya kuɓuce daga kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan motar ta riƙe ta kada ta tafi inda taga dama. Ita kuwa wayar aikinta ta taka wa tirelar birki a lokacin da ƙafarka bata da iko da ita. Sarƙa ja kawai ta iya, bata tsayar da kaya, in ka rage gudu tirelar zata taho ta daki bayan motarka da duk nauyinta, in kuma sarƙar ta tsinke toh babu abinda ya rage tsakanin tan biyu ko uku na ƙarfe da taki da mutanen dake bakin titi sai wannan 'yar wayar da ake ce maka ka yanke.

Ka lissafa da kanka, a gudun kilomita 80 a awa abu yana cin mita 22 duk daƙiƙa ɗaya, kuma tirelar da ta kwance bata bin titi, wuyanta ke kaɗa ta, ko ta tsallaka hannun masu tahowa ko ta afka wa masu talla da 'yan acaɓa. Ba sai a babbar hanya ba ma. A garin Bristol na Ingila a 2014 wata tirela mai kimanin tan 2 ta kwance daga bayan Land Rover a cikin unguwa, ta hau inda mutane ke tafiya a ƙasa ta kashe yaro ɗan shekara 3 yana tafe da mahaifiyarsa, kuma dalilin bai wuce ba a zaunar da bakinta daidai a kan ƙwallo ba.

Shi yasa kafin mu zo kan sarƙa ina so ka fara duba ƙwallon nan, don a nan ƙasar nan ne matsalar tafi yawa, motocinmu wasu daga Amurka wasu daga Turai wasu daga Dubai, tirelolin ma haka, kowa da awonsa. Turai ƙwallonsu milimita 50 ne. Amurka suna da uku, inci 1 da 7/8 wato milimita 47.6, inci 2 wato 50.8, da inci 2 da 5/16 wato 58.7. Tirela mai taya huɗu irin taka sau da yawa bakinta na babban ne, in ka ɗora shi a kan ƙwallo mai 50 zai zauna, makullin ma zai rufe, ka ɗauka komai lafiya alhali akwai wajen milimita 9 na fili, rami ɗaya mai kyau zaka faɗa ya tsalle ya fita. Awon yana rubuce a saman bakin tirelar da kuma saman ƙwallon, ka goge tsatsa da giris ka karanta, in basu zo ɗaya ba ka nemi ƙwallon da ya dace, kar a cusa tsumma ko roba wai don ya matse. Bayan ka haɗa ka rufe makulli ka sa masa fin ko kwaɗo, sannan ka juya jak ɗin wuyan ka ɗaga, in ya kama sosai zaka ga bayan Hilux ɗin ya fara tashi tare da shi, in kuwa bakin ya zare shi kaɗai toh dama a saman ƙwallon yake zaune bai shiga ba. Wannan gwajin baya cin minti ɗaya kuma wallahi da ana yinsa da an rage rabin abinda muke gani.

Toh sarƙa. Ka gitta su a ƙarƙashin wuyan tirelar, ta dama ta je hagun mota, ta hagu ta je dama, su yi gicciye. Dalili biyu ne. In bakin ya fita wuyan zai faɗo cikin gicciyen nan kamar an tara masa hannu, maimakon ya caki kwalta, don wuyan da ya caki ƙasa ana gudu shi ke sa tirela ta wuntsila ko ta fizgi bayan mota gefe. Na biyu, sarƙar da aka gitta tana bi ta kusa da tsakiya inda ake juyawa, saboda haka in ka sha kwana bata ɗamewa a gefe ɗaya ta saki a ɗayan, wanda ke nufin zaka iya gajarta ta sosai. Tsawon da ake so shi ne daidai wanda zai barka ka karya sitiyari gaba ɗaya ba tare da ta ɗame ba, amma bata taɓa ƙasa. Ka samu fili ka sa yaro ya tsaya yana kallo ka karya kwana dama da hagu a hankali, harda ribas.

In tayi tsawo kar ka murɗa ta don ta gajarce, kowa haka yake yi kuma kuskure ne, zobban sarƙa an yi su ne su ɗauki nauyi a miƙe, in ka murɗe su ƙarfin yana faɗa musu ta gefe sai ta tsinke ƙasa da awonta nesa ba kusa ba. A rage zobban ko a matsar da inda aka kama ta. In kuma ka barta tana jan ƙasa, ka ɗaga ta bayan wata ɗaya ka duba zobban tsakiya, zaka ga gefe ɗaya ya cinye ya yi fes yana ƙyalli, wani har rabin kaurinsa ya tafi, kuma sarƙa ƙarfinta na zoben da yafi rauni ne. Ga tartsatsi, a yammacin Amurka hukumomin kashe gobara kullum gargaɗi suke a kan sarƙar tirela mai jan kwalta don tana tada gobarar daji, kai kuma gona zaka riƙa zuwa, da hunturu ciyawar gefen hanya ta bushe ƙarau ga amfanin mutane a tare a fili.

Sai ƙarfinta. A jikin wuyan tirelar akwai ɗan faranti ko sitika da aka rubuta GVWR, iyakar nauyinta kenan da kaya da komai. Irin taka in aksul biyu ne masu fam 3,500 kowanne zaka ga 7,000, kimanin kilo 3,175. Ƙa'idar da masu ƙerawa a Amurka ke bi ita ce kowace sarƙa ɗaya ita kaɗai ta iya jure wannan nauyin kafin ta tsinke, ba wai a haɗa biyun su kai ba, saboda a lokacin fizga kusan kullum ɗaya ce ke fara ɗauka. Sarƙa tana da daraja kuma ana buga lambar a jikin zobba, 30 ko 43 ko 70. Mai 30 mai kaurin rubu'in inci tana tsinkewa a wajen kilo 2,350, kaga bata isheka ba. Mai 30 mai milimita 8 tana kai wajen kilo 3,450, da ƙyar ta tsallake. Mai 70 mai milimita 8, wadda zaka ganta da ruwan gwal-gwal irin ta ɗaure kaya a manyan motoci, tana wuce kilo 8,000, ni ita nake sa wa mutane hankalina kwance. Sarƙar ƙofa ko ta ɗaure janareta da ake aunawa a kasuwa babu lamba a jiki, kar ta zo kusa da tirelarka komai kaurinta a ido.

Abu ɗaya da zaka gaya wa mai walda da babbar murya: kar ya ɗana wuta a kan zoben sarƙa mai 70. An gasa ƙarfen ne a masana'anta don ya yi ƙarfi, zafin walda yana kashe wannan gashin daidai wajen da aka ɗana, sai ya zama nan ne zai ɓalle. In za a yi walda a yi wa faranti mai kauri a jikin wuyan, a huda shi, a kama sarƙar da babban noti mai ƙarfi ko shakul, wato ƙarfe mai siffar U da ake rufe bakinsa da noti, mai lambar nauyi a jiki. Ƙugiyar ma haka, mai siffar S ɗin nan marar murfi tana iya tsalle ta fita a hanya mai gargada, ka sa mai ɗan harshe da sifirin da ke rufe bakinta.

Inda za a maƙala ta a jikin motar shi ne inda nafi ganin ɓarna. Akwai wata tirelar ruwa da aka taɓa kawo mana gyara bayan ta kwance a hanyar ƙauye, Allah ya taƙaita gonar dawa ta faɗa ba kan mutane ba. Da na duba sai naga bakin yana nan daram a kan ƙwallo, makulli a rufe, sarƙa biyu lafiyayyu an naɗe su a wuyan ƙwallon, 'yar wayar birkin kuma an ɗaure ta a jikin sarƙar, fin ɗinta yana cikin akwatinsa ko motsi bai yi ba. Abinda ya fita shi ne ƙarfen da ƙwallon ke kai, wanda ake zurawa cikin bututu mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin mota, asalin fin ɗinsa ya ɓata sai aka zura guntun rodi aka lanƙwasa bakinsa, gargada ta miƙar da shi ya zare. Komai ya tafi tare, ƙwallo da sarƙa da waya, babu wanda ya ja wani. Don haka sarƙa a jikin kunnuwan da ke manne da ƙarfen shasi ake sa ta, ba a ƙwallo ba, ba a abinda ake zarewa ba, ba kuma a bamba ba, bambar yanzu ado ce. Wayar birki kuma a nema mata wajenta daban a jikin shasi, kar a ratsa ta cikin zobban sarƙa, kar a maƙala ta a ƙugiyar sarƙa.

Yanzu bari in gaya maka me ke cikin akwatin. Bai wuce tsawon yatsa ba, a ciki akwai 'yan ƙarafa biyu na tagulla da suke son haɗuwa, sai fin na roba da aka cusa tsakaninsu ya raba su, wayar da kake gani a jikin fin ɗin take. In tirela ta rabu da mota wayar ta ɗame sai ta fizge fin, ƙarafan su haɗu, wuta ta taso daga ƙaramin batirin ta tafi kai tsaye cikin tayoyi. Cikin kowane dram na birki akwai maganaɗisu na lantarki, da ya samu wuta sai ya manne da fuskar dram ɗin dake juyawa, juyin ya ja shi, shi kuma ya ja hannun da ke buɗe takalman birki su matse. Volt 12 cif yake sakarwa, babu sannu-sannu. Kowane maganaɗisu yana shan wajen amp 3, taya huɗu wajen 12 kenan, batirin kuma yawanci mai 5Ah ne. Dokar tarayyar Amurka ta motocin kasuwanci ta ce birkin nan ya kama da kansa ya kuma riƙe aƙalla minti 15, Ostireliya ma minti 15 suka sa ga duk tirelar da ta haura tan 2. Minti 15 ɗin don in ta tsaya a gangara a samu lokacin sa mata dutse ko katako a taya ne kafin ta fara gangarowa.

Kaga kenan in batir ya mutu akwatin ado ne. Irin batirin UPS ne, mai 12V 7Ah da ake saidawa a shagunan kayan kwamfuta da sola zai yi maka, sai dai wataƙila a sake masa mazauni don ya ɗan fi girma. Zafin rana yana kashe irinsa da wuri, musamman tirelar da ke yini a fili a watan Afrilu, ka riƙa sa masa mita, cikakke yana nuna wajen 12.6. Asali yana caji ne daga mota ta soket mai baki 7, amma yawancin motocinmu ba a ja wannan layin ba, fitila kawai ake haɗawa, sai mutum yayi ta yawo yana zaton yana caji. Ka sa mai wayarin ya duba, in babu a ja layin da fiyus, ko ka riƙa cire shi kana caji a gida.

Gwaji kuwa, ka haɗa tirela da mota, ka zare soket ɗin wuta tukuna, sannan ka fizge fin da hannu, zaka ji yana da ɗan tauri haka yake. Ka sa giya ɗaya ka ja a hankali. Ya kamata kaji ta turje, a kan ƙasa ma tayoyin su ja burji. In ta biyo ka salin-alin toh ko batir, ko waya ta yanke a ƙarƙashi, ko ƙarafan akwatin sun yi tsatsa, ko takalman sun cinye. Ka mayar da fin da wuri kar ka barshi a waje, kuma kar ka taɓa mayar da shi birkin ajiye tirela, batirin zai ƙare cikin ɗan lokaci birkin ya saki babu kowa a wajen, maganaɗisun ma suna zafi. Akwatin da noti ɗaya ake kama shi don ya riƙa juyawa ya fuskanci inda aka ja, in an ɗaure shi tamau ko an yi masa walda fin ɗin na iya karyewa a ciki maimakon ya fita.

Tsawon wayar, a nan gaskiya masana kansu sun rabu biyu. Wasu sun ce ta fi sarƙa tsawo kaɗan, kada birki ya kama sai sarƙar ta tsinke, hujjarsu ita ce birkin da ya kulle gaba ɗaya zai fizgi sarƙa da ƙarfi, kuma muddin soket bai zare ba direba na iya taka wa tirelar birki da hannunsa a hankali. Wasu sun ce ta fi sarƙa gajarta kaɗan, da zarar bakin ya fita birki ya kama, tirela ta ja baya sarƙa ta miƙe, bata lilo bata dukan mota. In littafin tirelar yana hannunka bi abinda ya ce. In babu, ni a yanayinmu ina tare da na biyun, domin hujjar na farkon ta tsaya ne a kan direba yana da na'urar birki a gabansa kuma zai tuna da ita a cikin daƙiƙa biyun firgici, na kuma fi yarda in sa sarƙa mai 70 da zata jure fizgar da in bar tan uku tana rawa a bayan Hilux babu birki. Amma ko wanne ka ɗauka, kar ta yi gajartar da zata fizge fin a kwana, birki ya kulle maka a tsakiyar shataletale.

Wannan na'urar da na ambata, kwantirolan birki, ka duba ƙarƙashin sitiyarinka ko akwai, ina kyautata zaton babu. Birkin lantarki baya aiki da kansa in ka taka birkin mota, sai an sa wannan 'yar na'urar da ke aika masa wuta gwargwadon yadda ka taka. In babu ita tirelarka marar birki ce a tafiyar yau da kullum, kuma Hilux kilo 750 kacal aka yarje masa ya ja in tirela bata da birki, a Ingila da sauran Turai ma daga 750 doka ke tilasta birki. Tankin lita 2,000 shi kaɗai tan 2 ne banda nauyin tirelar. Ka sa a haɗa maka ita kafin ka fara lodi, ka kuma duba littafin motarka nawa aka ce ta ja da birki don ya bambanta daga ƙira zuwa ƙira. Wajen lodi ka bar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ya danna kan ƙwallo, in ka tara buhuna a baya wuyan zai riƙa ɗagawa sama yana neman fita ga lilo, tankin ruwa kuma ko a cike ko babu komai yafi a barshi rabi, rabin tanki yana tunkuɗa.

Ga masu karantawa da tasu 'yar Turai ce, irin masu ɗauke da janareta ko kwamfuresa, taku babu batir. Birkinta turawa ke kama shi, in mota ta rage gudu wuyan ya matse ya ja rodin birki. Wayar tata, yawanci ja ce, a jikin birkin hannu take, in tirela ta rabu sai ta ja birkin hannun ya tashi sannan ita ta tsinke, haka aka tsara ta, saboda haka kar a musanya ta da igiya ko sarƙa mai kauri. Manyan tireloli masu birkin iska su dama tiyon ja ne ke wannan aikin, da ya cire iska ta fita birki ya kama. Masu tarakta kuma fin ɗin da ke jan tirela a sa masa makullinsa a ƙasa, ba a zura noti tsirara ba.

In Allah ya ƙaddara ta fita kana tafiya zaka ji ƙara da fizga a baya, jikinka zai ce ka danne birki, kar ka danne. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, in birkin tirelar bai kama da kansa ba ka matsa hannun kwantirola a hankali, ka bari gudun ya mutu sannan ka gangara gefe kana taɓa birkin mota kaɗan-kaɗan. Da kun tsaya ka sa wa tayoyin tirela katako ko dutse gaba da baya kafin ka mayar da fin, don kana mayarwa birkin zai saki. Sarƙar da ta riƙe tirela a irin wannan fizgar kuma a cire ta harda ƙugiyoyin da notin a sa sababbi ko da ido bai ga komai ba, zobban sun riga sun miƙe, sannan kar a sake haɗawa a ci gaba da tafiya sai an gano takamaimai me ya sa bakin ya fita.